Shin waƙar Sacred Harp ta ƙauyukan Jojiya tana nan yadda take tun 1844?

Malamin Kiɗa: Jama'a, ana yawan cewa ƙungiyoyin waƙar yabon Allah na ƙauyukan Jojiya da Alabama a Amurka suna rerawa yau daidai da yadda kakanninsu suka yi lokacin da B. F. White da E. J. King suka fitar da littafin Sacred Harp a 1844. Ni na gamsu da wannan magana. Har yanzu murya ce zalla, babu kayan kiɗa. Alamomin sauti huɗu ne kamar dā: fa mai kusurwa uku, sol zagayayye, la mai kusurwa huɗu, mi mai siffar daimon. Sai an rera waƙa da sunayen alamomin tukuna, sannan a dawo a ɗora mata baitoci. Ƙungiyar mawaƙa ta Chattahoochee da aka kafa a Jojiya a 1852 ma tana taronta har gobe.

Mai Bin Diddigi: Malam, da sake. Buɗe bugun 1844 ka ƙirga layukan muryoyi. Yawancin waƙoƙin murya uku ce: siririya ta sama, teno mai ɗauke da ainihin karin waƙar, sai kakkaura ta ƙasa. Alto, wato murya ta huɗu, daga baya ta shigo. W. M. Cooper na garin Dothan a Alabama ya sa ta a gyaransa na 1902, sannan a bugun J. S. James na 1911 S. M. Denson ya rubuta wa waƙoƙi sama da 300 alto. Wannan ba ƙaramin canji ba ne. Tsohon salon yana barin tazara a buɗe tsakanin muryoyi, alto kuwa sau da yawa cike tazarar take yi, amon ya yi kauri.

Uwar Mawaƙa: Yaya ya yi gaskiya kan littafi, amma ku dubi tsarin zaman. Ana jera kujeru ɓangare huɗu suna fuskantar tsakiya, a bar fili. Babu jagora na dindindin. Kwamitin tsara taro yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsaya a tsakiya yana fuskantar masu teno, ya faɗi lambar shafi, ya riƙa ɗaga hannu yana saukewa don auna gudu. A buɗe da addu'a, a zaɓi shugaba da magatakarda, a ci abinci tare da tsakar rana, a ware lokacin ambaton waɗanda suka rasu a shekarar da marasa lafiya. A wurina wannan ne ƙungiyar, kuma shi aka gada hannu da hannu.

Malamin Kiɗa: Madalla, Malama. Abin da nake nufi ke nan.

Mai Bin Diddigi: Ba shi ka faɗa ba, Malam, cewa ka yi rerawar iri ɗaya ce. Da me za a tabbatar? Ba a ɗauki muryarsu a faifai ba sai shekarun 1920. Kusan shekara 80 ke nan da takarda kaɗai ta rage, kuma takardar ba ta faɗin duk abin da baki ke yi. A waƙoƙi masu karin baƙin ciki, mawaƙan gargajiya kan ɗaga sauti na shida da rabin mataki alhali ba a rubuta haka ba. Darussan farkon littafin sun ba kowace gaɓa ta ma'aunin 4/4 daƙiƙa 2 da rabi, amma a wurare da dama an fi haka sauri.

Dattijon Zaure: 'Ya'yana, ku ƙara da batun ɗaukar murya. Ba a bin tsayin sautin da aka buga. Mutum ɗaya a layin gaba na teno ne ke duba sauti mafi sama da mafi ƙasa a waƙar, ya ba da tushe, ya fito wa kowane ɓangare da sautin farawarsa. In ya ɗauka sama da yawa, masu siririyar murya su shaƙe. In ya yi ƙasa, masu kakkaura su ɓace, waƙar ta mutu. Da safe yakan ɗan sauke sautin. Ɗakin ma yana da tasiri: ƙaramar majami'ar katako mai gajeren rufi tana mayar da amo, kafet da labule kuwa shanye shi suke yi. To ta yaya za a ce amon yau shi ne na 1852?

Malamin Kiɗa: Baba, na karɓi batun alto. Na ɗaukar murya kuwa hujjata ce. Yin sa da kunne ba tare da na'ura ba shi ne tsohon aikin, kuma a makarantun waƙa na ƙauye ake koyar da shi baki da baki. Abin da aka koya ta kunne daga iyaye ya fi wanda aka buga daɗewa.

Uwar Mawaƙa: Mai son rubuta tarihin irin wannan ƙungiya ya fara da kundin magatakarda, inda ake rubuta sunan kowane jagora da shafin da ya kira. Kuskure biyu ake yawan yi. Na farko, ɗaukar lambar taro a matsayin shekarun ƙungiya, alhali yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ya katse tarurruka da yawa. Na biyu ya fi muni: karanta lambar shafi ta tsohon kundi da sabon bugu. Masu gyara kan cire waƙar da aka daina rerawa su sa wata a gurbinta, kamar yadda aka yi a 1936 da 1991, kuma littafin Cooper da na Denson, wato gyaran 1936 da waɗanda suka biyo shi, ba su dace a kowane shafi ba. Sai an gano bugun da ke hannunsu a shekarar.

Mai Bin Diddigi: Kuma a daina ba da tarihin kamar na fararen fata ne kaɗai. Baƙaƙen fata na kudu maso gabashin Alabama suna da nasu ƙungiyoyin masu amfani da littafin Cooper, kuma Judge Jackson na Ozark ya buga musu The Colored Sacred Harp a 1934. Salonsu daban ne. Malam, wanne daga ciki ne na 1844?