Ranar da malami ya sauka ya bar ku da jirgi

Yayan ɗalibi: Assalamu alaikum. Ƙanena yana koyon tuƙin jirgin soja a Kaduna, kan Super Mushshak ɗin nan na Pakistan. An ce mako mai zuwa zai tashi shi kaɗai, Hajiyarmu ta kasa barci. Manya, waɗanda kuka yi, yaya ranar take?

Tsohon matuƙi: Wa alaikumus salam. Ka ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, ba a sakin yaro sai an ga ya nuna. Mu da Air Beetle muka fara, wanda aka harhaɗa a nan Kaduna, mai silinda 4. Mun zaga fili sau uku, Oga ya ce in tsaya gefe, ya kwance bel, ya ce zagaye ɗaya in sauko. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne jirgin zai yi sakayau. Da yake babu nauyin Oga, ya bar ƙasa tun ban shirya ba, a sauka kuma ya yi ta shawagi bisa kwalta kamar ba ya son taɓa ta. Kujerar dama wayam, amma ina ta karanto mata matakan sauka da ƙarfi.

Matuƙin baya-bayan nan: Ranka ya daɗe, ni ƙafar dama ce ta ba ni wuya. Mushshak silinda 6 gare shi, ƙarfin doki 260. Kana ba shi wuta farfela za ta ja hancinsa hagu, sai ka danne feda. Ran nan ba mai yi min tsawa, amma wallahi na ji muryar malamina a kunne: ƙafa, ƙafa!

Makanike: Mu a ƙasa muke shan namu fargaban. Wani yaro sau uku yana tsiyayo mai a kwalba yana ɗagawa sama, wai ko akwai ruwa. Man kuwa shuɗi ne garau, hannunsa ne ke rawa. Na ƙyale shi, gara haka da mai gaggawa.

Tsohon matuƙi: Af, in hazon hunturu ya sauko za a ɗaga ranar, kada ku ɗauka wani abu ne ya faru. Kuma ƙanen naka ya tafi da kayan canji, mu dai da bokitin ruwa aka tare mu.

Yayan ɗalibi: Na gode, Baba. Na karanta wa Hajiya duka, ban da na mai rawar hannu.