Me ya sa babu hoton gumurzu a Yaƙin Kirimiya?

Ɗan Birni: Jama'a, Roger Fenton, mai ɗaukar hoto ɗan Birtaniya, ya ɗauko hotuna wajen 360 a Kirimiya a 1855, lokacin da Birtaniya da ƙawayenta ke yaƙi da Rasha, amma galibi sansani ne da hafsoshi a tsaye. Ina faɗan?

Mai Kyamara: Malam, kayan aikin ne. A lokacin a kan gilashi ake ɗaukar hoto: a goge shi tas, a kwarara masa kolodiyon (wani ruwan sinadari mai danƙo), a tsoma a ruwan sinadarin azurfa kamar minti 3, a sa a kyamara yana jiƙe. Ɗauka na cin daƙiƙa 3 zuwa 20. Doki a guje ko inuwarsa ba za ta fito ba.

Baba Tsoho: Ƙari a kan haka, dole a wanke hoton kafin gilashin ya bushe, wajen minti 10. Shi ya sa Fenton ya mai da keken dokin mai sayar da giya ɗakin duhu. Da zafi ya tsananta, kolodiyon kan bushe tun bai gama bin gilashin ba, ƙura kuma ta bar ɗigo-ɗigo. Sai ya koma aikin asuba.

Mai Kyamara: Gaskiya ne, Baba. Gawa kuwa ba ta motsi, don haka Alexander Gardner ya iya ɗaukar matattun fagen fama na Antietam a yaƙin basasar Amurka a 1862.