Kwana a fadar Çırağan: shawarwarin ƴan fadarmu

Jiya muna shan shayi a Zango, nan Damagaram, wani Alhaji mai saro kaya Istanbul ya ce yana sha'awar kwana a Çırağan, fadar da Sarki Abdul'aziz na tsohuwar daular Turkiyya ya gina bakin ruwan Bosforus. Gobara ta cinye ta a 1910, daga baya aka gyara ta zama otel.

Shawarar da ta fi kama hankalina: ya bincika kafin ya biya, don yawancin ɗakunan a sabon gini suke, na tsohuwar fadar ƙalilan ne, kuɗinsu sai mai ƙarfi. Ya nemi ɗaki mai kallon ruwa. Wani ya ce ya bari sai lokacin sanyi, farashi kan sassauta.

Baba kuwa dariya ya yi: "Alhaji, fadar Sultan ta Birni ma ka taɓa shiga?"