Gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari a NBA: da gaske ake yi, ko na ganin ido ne?

Sadiƙu:
Assalamu alaikum jama'a. A tseren keke da guje-guje ba a daɗewa sai ka ji an dakatar da wani shekara huɗu, amma a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sai kaka ta ƙare da ƙyar a kama mutum ɗaya ko biyu. Alhali mutanen nan wasa 82 suke bugawa cikin kusan wata shida, wani sa'in dare biyu a jere. Yaya ake gwajin ne, sau nawa, kuma me ya sa hukuncinsu bai kai na sauran wasanni ba?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam. Tushen bambancin shi ne NBA ba ta sa hannu a dokar WADA ba, wato hukumar duniya mai yaƙi da waɗannan ƙwayoyi. Nata tsarin yarjejeniya ce tsakaninta da ƙungiyar 'yan wasa, don haka kowane sharaɗi sai an yi ciniki a kansa. An fara shirin a 1983, lokacin hodar ibilis ce damuwarsu. Sai a 1999 aka shigar da sitiroyid, gwajin jini na neman sinadarin girma HGH kuwa sai kakar 2015-16.

Ana iya gwada fitsarin ɗan wasa ba sanarwa har sau 4 a cikin kaka da sau 2 a lokacin hutu, jini kuma sau 2 a kaka, sau 1 a hutu. Wannan ban da gwajin da ake yi in an sami ƙwaƙƙwaran dalilin zargi. Wanda aka kama karon farko za a dakatar da shi wasa 25 ba albashi, karo na biyu wasa 55, na uku a kore shi. Wasa 25 bai kai sulusin kaka ba. A WADA laifin ganganci shekara 4 ne, wanda ga mai shekara 30 tamkar an yi masa ritaya ne.

Hajiya Binta:
Malam Habibu ya kawo ƙa'idar, bari in ƙara da yadda ake ɗaukar samfurin a tsarin WADA, wanda FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ke bi, domin a nan ake yawan samun tangarɗa. Da zarar an sanar da ɗan wasa, jami'i ba zai sake rabuwa da shi ba. A banɗaki sai ya ɗage riga zuwa tsakiyar jiki, ya sauke wando zuwa tsakiyar cinya, jami'i mai jinsi ɗaya da shi yana kallon fitar fitsarin da idonsa. Ana buƙatar aƙalla mililita 90. Shi da hannunsa zai raba, 60 a kwalbar A, 30 a kwalbar B, ya murɗa marfin da ba ya buɗuwa sai an fasa. Lamba kawai ɗakin gwaji ke gani, ba suna ba.

Nan take ake auna kaurin fitsarin. In ya yi ruwa-ruwa ƙasa da ma'auni, dole ya zauna ya sake bayarwa. Shi ya sa aka haramta magungunan sa fitsari: ba sa ƙara ƙarfi, amma suna tsinka fitsari su ɓoye abin da ke ciki. Su suka jawo wa ɗan wasan NBA Deandre Ayton dakatarwar wasa 25 a 2019. Batun kallon kuwa, a tuna da D.J. Cooper, wanda FIBA ta dakatar shekara 2 bayan samfurinsa ya nuna sinadarin da jikin mace mai juna biyu ke fitarwa. Ashe fitsarin ba nasa ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Testosteron, sinadarin maza mai ƙara tsoka, jiki ne ke yin sa, don haka ana duba yawansa a kan ɗan'uwansa epitestosteron. In ya zarce 4 bisa 1 sai a koma gwajin kabon, mai bambance na jiki da na masana'anta. Mai shafa man testosteron kaɗan-kaɗan da dare zai iya wayar gari bai kai wannan mizani ba. HGH ya fi wuya, cikin kwana ɗaya zuwa biyu alamarsa ta ɓace daga jini. Gwajin jini uku na NBA a kwana 365 ba zai kama mai lissafi ba sai in tsautsayi ya hau shi.

Sadiƙu:
Na gode Hajiya. Ke nan waɗanda ake kamawa ba su ne manyan masu laifin ba?

Alhaji Nura:
Ɗan'uwa, dubi irin haramtattun sinadaran da ake samu a jikin 'yan NBA da aka kama. Rashard Lewis a 2009 da O.J. Mayo a 2011, DHEA ne, wanda a Amurka ake sayarwa a kanti ba takardar likita. Joakim Noah a 2017, LGD-4033, kuma ya ce a ƙwayar gina jiki ya sha. John Collins a 2019, GHRP-2. Tristan Thompson a 2024, ibutamoren da LGD-4033. Ƙwayoyin gina jiki a Amurka ba a tantance su kafin su shiga kasuwa kamar yadda ake yi wa magani, sai garin ya gurɓata a injin haɗawa, ko a zuba abin da ba a rubuta a jikin roba ba. Dokar ba ruwanta da niyya, duk abin da aka samu a jikinka naka ne. Bobby Portis ya ce tiramadol ya haɗiya bisa kuskure a madadin wani maganin ciwo da aka halatta, duk da haka sai da ya rasa wasa 25 a 2025.

Kuma ɗakin gwaji ma na kuskure. 'Yar wasan kwando Diana Taurasi ta rasa kwantiraginta da Fenerbahce ta Turkiyya bayan an ce an sami haramtaccen maganin hana barci modafinil a samfurinta a ƙarshen 2010, sannan ɗakin gwajin Ankara ya janye sakamakonsa a 2011. Mai neman a tsananta hukunci ya riƙa tuna wannan.

Malam Habibu:
Gaskiya ne Alhaji, amma a ganina tsawon hukunci ba shi ne babban giɓin ba, ƙayyade adadi ne. Wanda aka gwada sau 4 kafin Fabrairu ya san na ba-zata ya ƙare masa a kakar. A WADA babu iyaka, manyan 'yan wasa kuma dole su ba da awa ɗaya a kullum da wurin da za a same su, saɓa wannan sau 3 cikin wata 12 laifi ne mai zaman kansa. Ana kuma iya ajiye samfuri shekara 10 a sake gwada shi in an sami sabuwar dabara. Ɗan NBA na shiga wannan tsari ne idan zai buga wa ƙasarsa a Olamfik ko Kofin Duniya na FIBA, daga ya koma kulob ɗinsa kuma sai dokar yarjejeniya.