Sa tayil a banɗakin tsohon gida mai bangon ƙasa: ta ina ake farawa?

Mai tambaya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin gini. Muna da gidan gado a cikin birnin Kano, ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti tun mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da rai, kuma mahaifiyarmu ce take zaune a ciki har yanzu. Banɗakin sashenta ƙarami ne, faɗinsa mita 1.5, tsawonsa mita 2. Daɓen ya tsattsage, ruwa yana kwanciya a kusurwa guda sai an kore shi da tsintsiya. Bango biyu na bulo ne da aka ƙara daga baya, sauran biyun na ƙasa ne, kuma idan aka ƙwanƙwasa shafen gindin ɗaya daga cikinsu sai a ji yana amsawa kamar ganga. Mai sa tayil ɗin da na kira ya ce a kan shafen nan zai liƙa, cikin kwana uku ya gama, amma hankalina bai kwanta ba. Shin hakan zai yi ƙarko, kuma tayil nawa zan saya?

Magini daga Zariya

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari a liƙa komai a kan shafen nan. Ƙarar da kake ji tana nufin simintin ya riga ya rabu da ƙasar da ke bayansa, domin danshi ya shiga tsakaninsu ya ci jikin bangon. Bangon ƙasa yana tsotsar ruwa daga gindi, musamman da damina, kuma yana fitar da shi ne ta fuskarsa. Idan aka rufe fuskar da siminti da tayil, danshin ba shi da mafita sai ya zauna a ciki yana narka ƙasar sannu a hankali, ga kuma nauyin tayil a rataye a jikin shafen da ba shi da abin riƙewa. Na sha ganin irinsa, shekara ɗaya ko biyu sai fuskar bangon ta ɓamɓaro gaba ɗaya.

Abin da nake yi a irin waɗannan gidaje shi ne in kankare shafen da ya saki, in cike ramukan da ƙasar gini mai kyau, in bar ta ta bushe sosai, sannan in ɗora sabon bango na bulo mai inci 4 daga ciki a kan nasa harsashin, in bar ɗan rata tsakaninsa da na ƙasar. A jikin wannan sabon bangon ake yin shafe a sa tayil. Gaskiya ne ɗakin zai ragu da kusan santimita 15 ta kowane ɓangare na biyun, kuma a ƙaramin banɗaki ba ƙaramar asara ba ce, amma ta haka ne za ka tsira da katangar gidan ubanka. Kafin a rufe komai, a sa mai aikin famfo ya cire tsofaffin bututun ƙarfe, waɗanda tsatsa ta riga ta cinye cikinsu, ya sa na roba, a kunna ruwa a duba kowace mahaɗa.

Wata uwa daga Katsina

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da kake kula da Hajiya. Ni abu biyu ne suka same mu lokacin da muka gyara namu. Na farko, sha'awar ƙyalli ta sa na zaɓi tayil mai santsi na sa a ƙasa, ba a yi wata guda ba surukata ta zame tana alwala, ta yi makonni tana jinyar ƙugu. Ka sayi mai kaushi, kuma tun a shago ka jiƙa yatsa ka goga a kansa ka ji ko yana riƙewa. Na biyu, wanda ya yi mana aikin bai karkata daɓen zuwa rariya ba, sai ruwa ya riƙa bin ƙofa yana shiga ɗaki, dole muka fasa aka sake. Tunda dattijuwa ce, a kafa mata ƙarfen dafawa a bango da ɗan dakalin da za ta zauna ta wanke ƙafa, kuma idan za a sauya wurin masai a lura kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya.

Mai sa tayil, Ƙofar Ruwa

Na yarda da maganar babban magini, sai dai zan ƙara wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: tayil ba ya hana ruwa wucewa, domin ruwa yana bin layukan da ke tsakani. Saboda haka bayan an zuba sabon daɓe mai gangaren santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa rariya, kuma an yi mako guda ana yayyafa masa ruwa sannan ya bushe, sai a shafa maganin hana ruwa shafi biyu, a hau da shi bango aƙalla santimita 15, a wurin wanka kuwa har mita 1.8. Daga nan a toshe rariya, a tara ruwa ya kwana ya wuni, a ga ko ya ragu.

Batun adadi kuwa, a yadda ɗakin yake yanzu ƙasa murabba'in mita 3 ce, bango kuma idan za a kai mita 2.1 aka cire ƙofa kusan 13 ne. Ka sake aunawa bayan an ɗora bulon, ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, kuma ka saya a lokaci guda don kada launi ya bambanta. A ƙasa ka zaɓi tayil mai santimita 30 da 30 ko ƙasa da haka, domin manyan nan na 60 da 60 ba sa bin gangare a ƙaramin wuri. Idan na yumɓu ne da za a sa da siminti, a jiƙa shi tukuna. Idan kuwa mai tauri ne da ba ya shan ruwa, sai da gam ɗin tayil.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yau da safe na sa an ɗan kankare gindin bangon, sai ga ƙasar a jiƙe tana zubowa a hannu, har tsayin gwiwa. Mun shawarta Hajiya za ta koma sashen ƙanina har a gama. Tambayata ta ƙarshe ga babban magini ita ce, yanzu da hunturu ya shigo, kwana nawa ya kamata a bar bangon a buɗe kafin a ɗora bulon?