Wai barin laftof a caji kullum yana kashe batir?

Maman Amira: Salam jama'a, don Allah a raba mu gardama da ƙanina. Wai sai in dinga zare caja da zarar laftof ta cika, ni kuma in dai akwai wuta a jone take tun safe har dare. Waye da gaskiya?

Baban Khalifa: Ƙaninki ne da gaskiya Hajiya. Mutum ya ƙoshi kina ta ɗura masa tuwo ai sai ciki ya ɓaci, haka batir ma.

Injiniya: A'a Alhaji, babu wata ɗura. Batiran yanzu lithium-ion ne, akwai ɗan sakit, wato wata 'yar na'urar lantarki a ciki, da yake yanke caji da kansa in ya kai 100, daga nan laftof ɗin wutar caja take ja kai tsaye.

Baban Khalifa: To me ya kumbura tawa, aljanu?

Mai Gyara na Terminus: Hahaha Alhaji ba aljanu ba ne. Caji yana tsayawa kam, amma zaman batir a cike kullum shi ma wahala ne gare shi, kowane sel, wato ƙananan batiran da ke cikinsa, yana tsaye ne a wajen volt 4.2 ba sauka, in zafi ya haɗu da wannan sai ya tsufa da wuri ya fara tara iska a ciki. Ina ganinsu a teburina, wurin maus ya ɗago sama ba ya dannuwa, murfin ƙasa ya buɗe baki, mai ita kuma yana rantsuwa ko faɗuwa ba ta taɓa yi ba.

Ɗan Unijos: Zafi kuma a Jos? Garin da muke kwana da suwaita

Mai Gyara na Terminus: Sanyin gari ba ya shiga cikin injin ɗan'uwa. Ku ɗalibai ma kun fi kowa, a ɗora ta kan katifa ko bargo ana kallon fim tana caji, ramukan iska duk a toshe, ga ƙurar hunturu ta cika fanka dam. Taɓa ƙasanta ka ji.

Injiniya: Zafi na yarda. Amma cirewa da mayarwa ma ba kyauta ba ne, duk sanda ka shanye batir ka sake cika shi ka ci zagaye ɗaya, Apple ma sun ce na MacBook zagaye 1000 aka yi shi ya ɗauka. Masu barinsa ya kai 0 ya mutu kafin su jona su ne suka fi cutar da shi.

Mai Gyara na Terminus: Yauwa, to in zama a 100 ba komai ba ne me ya sa kamfanonin da kansu suka sa saitin tsayar da caji? Manhajar Lenovo Vantage na da shi, MyASUS na laftof ɗin ASUS zai ba ka zaɓi 60 ko 80, MacBook ma tun macOS Big Sur a 2020 yana iya riƙe caji a 80 in ya ga kullum a jone kake. Hajiya ki kunna wannan ki bar cajarki a jone, shikenan.

Ɗan Unijos: Wannan shawarar masu sola ce wallahi. A ɗauke wuta ƙarfe biyu a dawo da ita sai Allah ya yi, ni in tsaya a 60 da gangan? Gara batirin ya tsufa in canja, da in rasa furojet ɗina a tsakiyar taifin.

Baban Khalifa: Ka ji farashin batir na asali kuwa yanzu?

Maman Amira: Kun ƙara rikita ni. Tawa HP ce, ina saitin yake?

Injiniya: Wasu na HP a BIOS yake, wato saitin da ake shiga tun ana kunna laftof kafin Windows ta buɗe, amma ba kowace ke da shi ba. Ki fara buɗe cmd, wurin rubuta umarni a Windows, ki rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna miki ƙarfin batirin yana sabo da abin da ya rage yanzu, sai ki turo mu gani.

Baban Khalifa: Ta turo ɗin, ni dai tawa zarewa zan ci gaba da yi.