Neman shawara: masu tare min gaba suna tsaye ana wucewa ta gefensu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da yayana ya aiko min da wasan ƙwallon Amurka na PlayStation, kuma abu ɗaya ya hana ni sakat. Ƙattai biyar ne a layin gaba, aikinsu kawai su tare abokan hamayya. Jiya na maimaita hoton a hankali ina kallo: gad ɗina na hagu (ɗaya daga cikin ƙattan nan, na kusa da na tsakiya) ya fito da gudu zai share hanya, ga mai tsaro a gabansa ƙiri-ƙiri, sai ya kauce ya je ya kama wanda tuni an riƙe. Aka tumurmusa mai gudu na da ke riƙe da ƙwallo, bai ci ko yadi ɗaya ba. Wani lokacin kuma mai tsaro ya riga ya wuce, sai ka ga kamar maganaɗisu ya fizgo shi baya ya manne da mai tarewa. Hannuna ne, ko haka wasannin suke?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan mannewar ba laifinka ba ce. Yawancin wasannin nan, mutane ake sa wa na'urori a jiki a ɗauki motsinsu biyu-biyu, mai tarewa da wanda ake tarewa. Idan 'yan wasa biyu suka kusanci juna, kwamfuta ta duba makin ƙarfinsu, ta zaɓi motsi guda, sannan ta jawo su inda motsin zai dace. To, janyowar nan ce idonka ya kama. An taɓa gwada wata hanyar: wasan Backbreaker na 2010 ya yi amfani da fasahar Euphoria, inda ake lissafa kowane karo nan take. Karon ya yi kyau matuƙa, amma ba shi da ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, don tun ƙarshen 2004 kamfanin wasanni na EA ya samu lasisin shi kaɗai. A ganina tarewa ta fi kayar da mutum wahalar kwaikwayo, don rabinta tunani ne: wa zan ɗauka, yaushe zan sake shi in hau na gaba.

Amsa ta biyu: Malam, ina kyautata zaton kana danne R2, maɓallin ƙara gudu, tun daga karɓar ƙwallo. Daina. Na yi shekara ina wannan kuskuren. Bi bayan gad ɗinka a hankali har ya kama mutuminsa, sai ƙofa ta buɗe sannan ka saki gudu. Kafin a fara kuma ka ƙirga masu tsaron da suka matso layi. In sun kai shida kai kana da biyar, dole ɗaya ya shigo ba mai taɓa shi, ko a filin gaske haka ne. Ka bar mai gudu ya tsaya ya taya tarewa, ko ka karkatar da layin zuwa ɓangaren da suka taru.

Amsa ta uku: Ka shiga saiti ka ɗan ɗaga makin tarewa, kaɗan-kaɗan, kana gwadawa a filin atisaye. Shi kansa John Madden, kocin da wasan EA ke ɗauke da sunansa, ɗan layin gaba ne a zamaninsa na jami'a, kuma shi ya kafe sai an sa mutum 11 a kowane ɓangare kafin wasansa ya fito a 1988. Layin nan shi ne zuciyar wasan, ya cancanci ka ba shi lokaci.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Yaya mai amsa ta biyu, ka gano ni, yatsana ba ya sauka daga R2. Na gwada yanzu, gudu huɗu a jere na bi bayan gad, uku sun wuce yadi biyar.